Fol Bihain a Gonar Suruki

A gyara zama, a kuma ji wannan labari da adalci, domin mutanen Gwandu sun riga sun jagula shi, kowa yana zuba masa gishirin da ya ga dama. Abdulgani ɗan Ikko bai aikata abin da ake cewa ya aikata ba. To, ya aikata, amma ba yadda ake faɗa ba.

Shekara tara Abdulgani ya yi a Ikko yana masinja a wani kamfanin gina hanya. Da ya dawo gida, ya dawo da baƙin tabarau, da agogo mai sarƙa, da ɗan tumbi irin na waɗanda suka ga duniya, da kuma Turanci. Turancin ba shi da yawa, amma duk mai nauyi ne. Babba a ciki shi ne "fol bihain", abin da Baturen kamfanin yake daka wa leburori tsawa da shi in ya ga suna jan ƙafa.

A shagon Hamidu tela, amininsa tun na ƙuruciya, nan Abdulgani yake zama kullum da hantsi yana raba wa jama'a ilimi kyauta.

"Ku saurara, don ba kullum ake samun irina ba," in ji shi. "Fol bihain shi ne ku tashi tare da mutane, ƙafa da ƙafa, sannan su wuce su bar ka kana haki. Ana yin shi ga tafiya, ana yin shi ga aiki, ana yin shi ga karatu. Ɗalibin da abokansa sunka kai izu goma shi yana izu biyu, ya yi fol bihain. Kai Hamidu, da ka riƙe rigar ƙaramar Sallar liman har anka yanka ragon layya..."

"Keken ɗinki ne ya lalace," in ji Hamidu.

"Bature ba ruwansa da wannan. Fol bihain."

"To kai ka taɓa yi?"

Abdulgani ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya dubi Hamidu ta sama. "Ni? Ko ranar da anka haife ni, ungozoma tana hanya na riga ta isowa."

A daminar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi, Malam Albarka, mahaifin Zulai matar Abdulgani, ya kira gayyar noma a gonarsa ta gero da ke bayan Kalgo, ta hanyar Dangoma. Ya aika wa duk surukansa, kowa ya zo da abokansa. Wanda zai yi kiɗa kuwa Yusufu Maiganga ne, kuma kowa ya san halin gangar Yusufu. Wanda ya fi kowa a gayya zai samu kirari. Wanda ya zo ƙarshe zai samu waƙa, kuma waƙar Yusufu ba ta wankuwa. Akwai wani mutumin Dangoma da ya zo ƙarshe shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har yanzu in ya shiga kasuwa sai ya ji ana yi masa ita da fito.

Abdulgani ya tsaya a ƙofar shagon Hamidu, ya ɗaga hannu mai agogo, ya ce kowa ya shaida, da kirari zai dawo Gwandu.

Da ya shiga gida Zulai ta ce, "Maigida, shekara nawa rabonka da hauya?"

"Hannu ba ya mantuwa."

"Hannu ba ya mantuwa, amma baya fa? Jiya da ka duƙa ɗaukar buta sai da na tashe ka. Ka aika wa Baba goro da sukari, ka ce kana da uzuri. Ba wanda zai zarge ka."

"In aika goro, Hamidu shi tafi shi ɗauko sunan da ke nawa? Ki wanke mini babbar rigar nan mai ruwan ƙwai."

"Noma za ka, ko ɗaurin aure?"

"Gidan surukai za ni."

Ranar gayya, ana idar da sallar asuba, Hamidu da sauran abokai biyar suka nufi tasha don shiga bas. Abdulgani ya ce shi ba zai isa gidan surukai a matse tsakanin buhunan albasa ba. Ya hau tsohon babur ɗinsa, ya bi ta gaban tasha da gangan, ya danna musu ham sau uku, rigarsa tana tashi a baya kamar tuta.

An wuce Dalijan da kaɗan babur ya yi tari, ya sake tari, ya yi shiru. Abdulgani ya buga, ya buga, ya jijjiga shi, ya leƙa tanki ta cikin baƙin tabarau, ya yi masa magana da Hausa, ya yi masa da Turanci. Yana cikin haka sai ga bas. Direba ya rage gudu, Hamidu ya zuro kai ta taga.

"Ɗan Ikko! Mi ne ne sunan wanga abu da Turanci?"

"Hutawa nake ba inji," in ji Abdulgani yana duba agogo. "Ku je, ina tafe."

Suka je. Shi kuwa ya tura babur ya koma Dalijan, ya bar wa bakanike, ya samu wata a-kori-kura mai kai awaki Birnin Kebbi. Gidan gaba ya cika, sai baya. Wani bunsuru ya ɗauki rigar ruwan ƙwai a matsayin abin karin kumallo, suka yi ta ja-in-ja har Ambursa. Daga Birnin Kebbi ya sake mota zuwa Kalgo, daga Kalgo ya taka da ƙafa. Ya isa gona rana ta ɗaga sosai, gefen riga a tattaune, kuma ƙamshin da ke tashi daga jikinsa ba na turaren da ya fesa ba ne.

Maza kusan arba'in ne a jere, kowa ya kama kuyyarsa, wato layinsa na shuka, ganga tana bin su a baya. Malam Albarka yana zaune a gindin tsamiya. Abdulgani ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, barka da aiki."

"Barka kadai. An zo lafiya?" in ji tsohon, yana duban wani gefe kamar yadda suruki yake yi. Ya ɗan ja hanci.

Lukuman, ƙanen Zulai, shi ne mai raba kuyya, kuma tsakaninsa da mijin yayarsa wasa ne tun ranar biki. Ya taho yana share gumi.

"A'a, mijin Yaya! Ashe da awaki kuka taho? Ina sauran?"

"Ba ni hauya, ka bar surutu."

"Hamidu ya ce akwai wata kalma da kake koya musu. Mu yanzu mun ci kuyya huɗu huɗu, kai ko ɗaya. Mi anka ce sunanka ke nan?"

Jama'a suka dakata, suka jingina da hauyoyi. Yusufu Maiganga ya matso yana taɓa ganga a hankali, kamar mai ɗanɗana miya.

Abdulgani ya gyara tabarau. "Matsalar rashin zuwa Ikko ke nan. Sharaɗin fol bihain shi ne a tashi tare. Kun tashi da ni? Ba ku tashi da ni ba. Wanda ba a tashi da shi ba, ba a bar shi a baya ba. Ni yanzu baƙo ne."

"Wannan gaskiya ne," in ji Hamidu. "Haka ya koya muna."

"To madalla," in ji Lukuman. "Ga hauya, ga kuyya. Yanzu sai mu tashi tare."

Aka jera. Ganga ta tashi. A yi wa Abdulgani adalci, taku goman farko ba wanda ya kama ƙafarsa. Ya yi ta sara yana kuwwa, har wani ya ce kai, ashe ɗan Ikko namiji ne. A taku na goma sha ɗaya hannun babbar riga ya sauko ya naɗe ƙotar hauya. Ya naɗe shi a kafaɗa, ɗayan ya sauko. Ya tuɓe rigar ya rataya a kan wani kalgo, ya dawo ya tarar an ba shi tazarar taku ashirin. Ya ƙara wuta. Agogo ya zame ya sauko tafin hannu. Gumi ya cika tabarau. Tafin hannu ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Sai kuma wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, irin ƙarar da busasshen kara yake yi in an taka.

Ya miƙe a hankali ya duba gaba. Duwawun maza arba'in ya gani suna nisa. Ya duba baya, ba kowa sai Yusufu Maiganga, yana murmushi.

"Ɗan Ikko, an tashi tare ko?"

"Duba ƙasar nake yi. Akwai tsakuwa a kuyyar nan."

"Akwai," in ji Yusufu. "Kullum tana kuyyar na ƙarshe."

Ko Usman Dogo, wani mai ƙiba daga Kalgo da kowa ya sa ran shi zai kwashi waƙar ranar, ya ba Abdulgani rata mai kyau. Yana tafe yana waiwaye yana yi masa addu'ar Allah ya ƙara nauyi.

Allah ya taimaka aka kawo fura kafin a kai ƙarshe. Aka zauna a inuwa. Abdulgani ya riƙe ludayi da yatsu biyu saboda bororo, yana sha yana zagaya gona da ido. Dabara ba ta taɓa ƙare masa ba. A kusurwar gabas ya hango wasu kuyyoyi gajeru, ba su kai rabin sauran ba, ƙasarsu rairayi mai laushi, ba wanda ya taɓa su. Tsofaffi uku suna zaune kusa da wurin suna wasa hauyoyinsu.

Ya tashi, ya je daidai inda surukinsa zai ji, ya ɗaga murya.

"Lukuman, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Muna nan da ƙarfinmu za a bar dattawa su duƙa? Waccan kusurwa tawa ce. Ni kaɗai."

"Mijin Yaya, waccan kusurwa ai..."

"Na ce tawa ce."

"Ka tsaya ka ji. An bar wa tsofaffi ne don..."

"Yaro, ina noma tun kana tsumman goyo. Kar ka koya mini gero."

Lukuman ya dubi mahaifinsa. Malam Albarka ya buɗe baki, ya tuna da wanda zai yi wa magana, ya rufe. Ba a musu da suruki a gaban jama'a. Tsofaffin uku kuwa suka ce Allah ya yi albarka, suka koma inuwa.

Abin da Lukuman ya so faɗa shi ne, shukar farko ta wannan kusurwa ta ƙone da aka yi fashin ruwa, sai aka sake shuka kwana goma da suka wuce. Geron wurin ƙanana ne, sirara, ba su wuce tsawon yatsa ba. Shi ya sa aka bar wa masu haƙuri da idon sani. Abin da ya yi tsawo ya yi kore shar a wurin, ƙarangiya ce, wadda tun ruwan farko take cin gashin kanta. Ƙarangiya kuwa kafin ta fitar da ƙaya, ganyenta da na gero kamar wa da ƙane.

Abdulgani ya goge baƙin tabarau ya mayar, ya duba. Ya ga tsirrai manya masu ƙiba jefi-jefi, ya ga wasu 'yan ƙananan ciyayi a jere. Ya ce a ransa, kai, ciyawar Kalgo har layi take bi.

Ganga ta tashi, shi ma ya tashi. Aiki ya zo masa da sauƙin da bai taɓa zato ba. Sauran mutane suna lallaɓa hauya a gindin kowane gero, shi kuwa shara kawai yake yi, fyat, fyat, fyat. In ya iso gindin babban tsiro sai ya dakata, ya tara masa ƙasa, ya danna da ƙafa, har da ɗan shafa ganyen. Ya gama kuyya ɗaya sauran ba su kai rabi ba. Ya juyo ta biyu. Ciwon ƙugu ya tafi. Ya shiga ta uku yana rera waƙa da wani abu mai kama da Turanci.

Yusufu Maiganga, da yake daga nesa yake hangowa, ya ga ƙura tana tashi a gabas, ya saki sauran ya nufo shi da ganga.

"Giwar Gwandu! Na Zulai sha gaban maza! Ɗan Ikko, ƙasa ta san ka!"

Abdulgani ya kai ƙarshen kuyya ta uku, ya cilla hauya sama, ya kasa cafewa, ya bar ta ta faɗi kamar da gangan. Ya taka rawa. Ya juya wajen maza arba'in ya buɗe hannuwa.

"Hamidu! Faɗa musu sunan abin da sunka yi!"

"Mun yi fol bihain!" in ji Hamidu. "Wallahi mun yi!"

Mutane suka ajiye hauya suka taho kallo. Malam Albarka ma ya dogara sanda ya taso, yana tafe a hankali, aka buɗe masa hanya. Ya tsaya a bakin kuyya ta farko. Ya duba. Ya duƙa ya tsinci wani ɗan tsiro da aka sare, ya juya shi a tafin hannu. Ya matsa gaba ya tsinci wani. Ya tsaya a gaban wani babban tsiro da aka tara wa ƙasa aka danne da kyau, ya daɗe yana kallonsa.

Ganga ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu.

Tsohon bai dubi Abdulgani ba. Ɗansa ya duba.

"Lukuman."

"Na'am, Baba."

"Tambayar mini mijin yayarka. Can Ikko, ƙarangiya suka ci?"

Wani ya yi tari. Wani ya toshe baki da hula. Usman Dogo ne ya fara fashewa, ya zauna daɓas a ƙasa yana dukan cinya, daga nan kowa ya saki. Tsofaffin uku suka zo suna bin kuyya suna salati. Ɗaya ya ce shekararsa saba'in bai taɓa ganin an yi wa ƙarangiya gata irin wannan ba, ko ɗan fari ba a yi masa haka.

Abdulgani ya cire tabarau. Duniya ta yi haske, gero ya fito a matsayin gero, kwance a rana yana yanƙwanewa. Ya durƙusa, tun da ba shi da takalmin da zai tuɓe.

"Baba, wato... a Ikko akwai wani sabon tsari na rage shuka..."

"Lukuman, ce masa an gode," in ji Malam Albarka. "Ce masa akwai sauran iri a rumbu. Tun da kusurwar tasa ce shi kaɗai, gobe sai shi sake shuka ta, shi kaɗai. Shi fara da tumɓuke 'ya'yan nasa."

"Mijin Yaya, ka ji," in ji Lukuman. "Amma ina da tambaya ta ilimi. Geron nan da za ka shuka gobe, sauran gona ta ba shi wata guda. Shi ma fol bihain ya yi, ko shi ma baƙo ne?"

Abdulgani ya duba agogo. Malami ba ya amsa kowace tambaya.

Saura shari'ar waƙa. Da aka ƙare noma, Usman Dogo ne na ƙarshe, kowa ya gani. Abdulgani ya yi maza ya nuna haka, ya ce al'ada dai al'ada ce, shi na farko ya gama. Yusufu Maiganga ya ce gaskiya ne, shi ma bai taɓa karya al'ada ba, amma ganga ta riga ta zaɓa, kuma shi bawan ganga ne. Usman Dogo ya rungume Abdulgani, ya ce in ya sake haihuwar namiji sunansa zai sa masa. Sannan Yusufu ya gyara rataya, ya buga:

"Ɗan Ikko ya zo gayya,
Ya sare gero kuyya biyu,
Ya yi wa ƙarangiya gata,
Bana suruki ƙaya za shi ci."

Kafin a gama cin tuwon gayya, matan da suka kawo abinci sun iya amshi. Da la'asar Hamidu da abokai biyar suka shiga bas suka koma Gwandu, suna maimaitawa don kar su manta.

Kwana biyu Abdulgani ya yi a Kalgo. Ya tumɓuke ƙarangiya da hannu, ya sara rami, ya zuba iri, ya rufe da diddige, Lukuman yana zaune a kan tushiya yana duba masa lokaci da agogon nan mai sarƙa na Abdulgani. A rana ta uku ya biya Dalijan, bakanike ya ce mai ne kawai ya ƙare.

Ya shigo Gwandu da hantsi ta bayan gari, don kar ya bi ta shagon Hamidu. A bakin rijiya ya ji masu jan ruwa suna jan guga da wani amo da ya sani. A maƙera ya ji guduma tana bin amon. Mai ƙosai ta gan shi, ta ce sannu da noma, ta ƙara masa ɗaya kyauta ba tare da ya saya ba. Ya kashe babur tun daga kan kwana ya tura shi zuwa gida.

A tsakar gida Zulai tana daka, ta ba ƙofa baya, taɓarya tana sauka daidai kan kowace gaɓa. "Ya sare gero kuyya biyu, ya yi wa ƙarangiya gata..."

Ya yi gyaran murya. Ta juyo, ta ajiye taɓarya, ta durƙusa da ladabi.

"Maigida, sannu da zuwa. Ya su Baba?"

"Suna gaishe ki. Mi kike rerawa?"

"Ni? Wata 'yar waƙar daka ce."

Abdulgani ya tsaya, riga a tattaune, hannuwa a naɗe da tsumma. Ya daɗe yana jinjina abin a ransa. Sare gero, ya sare. Gatan ƙarangiya, ya yi. Amma akwai zaluncin da mutum ba zai haɗiye ba.

"Uku ne," in ji shi.

"Na'am?"

"Kuyya uku na yi, sauran ko ɗaya ba su gama ba. Maza arba'in sun gani. Wane ne ya ce biyu?"

"Hamidu ya ce haka makaɗin ya faɗa."

"Makaɗin bai iya ƙidaya ba. In za ki rera, ki rera daidai."

Zulai ta ɗauki taɓarya ta gwada da uku, ta ga ya zauna. Kafin azahar maƙwabta sun karɓa, kafin Juma'a gyaran ya kai Kalgo. Da uku ake rera ta har yau, kuma a duk faɗin Gwandu ba a samu mutum ɗaya da ya zo ya yi wa Abdulgani godiya ba.